Dutse na Uku

Shekara tara Manzo ya yi a Kurmi, tsakanin Kumasi da Takoradi, kuma ranar da ya dawo Filinge ya tarar garin bai tsaya jiransa ba. An kafa turakun waya daga ofishin kumandan, sun miƙe sun yi kudu. An yi wa lakkwal, makarantar boko, rufin kwano. Rijiyar unguwarsu, wadda ya bari da bakin itace duk igiya ta cinye, yanzu siminti ne. Yaran da ya bari suna gudun gardin kumandan sun zama magidanta, suna zaune bakin kasuwa suna gardamar ƙuri'a. Mahaifinsa ya rasu a shekara ta huɗu. Dijatu, matar da ya bari da ciki wata shida, ta rasu a ta bakwai, wasiƙar da aka rubuta masa kuma ta bi shi gari uku ba ta same shi ba. Abin da ya rage masa a gidan shi ne tsohuwarsa Inna Habsa, wadda ta rankwafa, da wansa Kailu mai noman gonar gado, sai wata siririyar yarinya mai manyan idanu da ake ce wa Haske.

Ɗiyarsa ce ta fari, don haka ko sunanta ba ya kamawa, "yarinyar nan" yake cewa kamar yadda kunya ta tanada. Ita kuwa ba ta ce masa komai. In ya shigo tsakar gida sai ta koma bayan kakarta ta riƙa leƙensa, kamar baƙon da aka ce gobe zai wuce.

Da mota ya dawo. Janwe ce, motar jan motoci, ƙirar Amirka, mai ƙugiya da sarƙa a baya, wadda ya saya hannun wani kamfanin katako da ya tashi. Dukan wahalarsa ta shekara tara tana cikin ƙarfen nan. Abin da ya tara mata jama'a shi ne ba ta da kuloci. Abin takawa biyu ne kawai, giya kuma ita ke sauya wa kanta. Kailu ya leƙa ciki ya daɗe, sannan ya ce, "Mota mai canjin giya da kanta? Kai dai hwaɗi gaskiya, ƙanena, wa kad ɗauko a ciki?" Aka yi dariya. Manzo ya gaya wa Inna cewa zama ya zo yi: manyan motoci na kafewa a rairayin hanyar Baleyara, shi zai riƙa fizgo su. Tsohuwa ta dube shi daga hula har takalmi ta ce, "Allah shi sa."

Akwai abin da bai ba kowa labari ba, don bai ɗauke shi labari ba.

A hanyar zuwansa ya iske wata babbar mota a Bonkuku, ta mutu da lodin gishiri, direbanta Bazabarme ya kwana uku a ƙarƙashinta. Manzo ya ɗaura mata sarƙa ya ja. Rairayin ƙasar nan kuwa ba ya wasa da mai nauyi. Janwe ta yi ta nishi, tana shiga giya tana fita, har da rana ta take tsaka wani ƙauri ya cika gaban motar. Ya ratse gindin wani babban gawo a kan ɗan gangare. Babbar motar ta soma silalewa baya tana jan janwe, ya diro yana neman abin yin waji ya tokare taya, a wurin da sai ka yi tafiyar yini ba ka ga dutsen da ya kai kan jariri ba. Sai ga uku a gindin gawon, baƙaƙe, kusa da juna kamar an ajiye. Ya fizgi ɗaya ya cusa ƙarƙashin taya. Ya ji shi da ɗumi, ya ce rana ce.

Sannan ya shiga ƙarƙashin mota ya kwance noti, ya tari man giyan da ya ƙone a cikin garwa, ja wur, yana tafasa, ya kwara shi tsakanin sauran duwatsun biyu. Bai yi bismilla ba. Bai ce a kauce ga zafi ba, abin da ko yarinya mai wanke tukunya a Kurfai, ƙasarsu, ta san ana faɗa kafin a zubar da abu mai zafi a ƙasa. Garejin Kurmi, inda ake kwara mai a kwata ba a sallama wa kowa, ya wanke masa wannan daga baki. Bazabarmen ya faɗi wata magana da harshensu ya koma can nesa cikin rana ya tsaya. Manzo ya juye gwangwaninsa na ƙarshe na jan mai, da motar ta huce ya zare dutsen ya jefa a baya. Direba ba ya yar da waji mai kyau.

Sun iso Filinge lafiya. Amma da gari ya waye ya ta da janwe ya sa ta a gaba, sai inji ya yi ta kuka mota ba ta motsa ba. Ya sa ta a baya, ta zabura kamar ɗan maraƙi. Ya sake gaba, shiru.

Ya tafi wurin Dodo, makanikin motocin kumandan, tsohon soja mai yatsu huɗu a hannun dama. Dodo ya zo yana taunar goro, ya kwanta ƙarƙashin motar, ya fito, ya sa kai ciki yana lalube da ƙafa.

"Ina na ukun?"

"Babu, baba Dodo. Haka anka yi ta."

"To wanda ya yi ta bai gama ba." Ya tsoma yatsa a man, ya sansana, ya yamutsa fuska. "Ɗana, kumandan huɗu ni yi ma gyara, ba wanda ya tahi ƙasa. Amma wagga akwatin giya, in na buɗe ta, ko uwar da ta haihe ta ba ta maida ta. Ka ja abin da ya hi ƙarhinta, cikinta ya dahu. Mai ja kuma, nan sai dai in ba ka man gyaɗa ka soya ƙosai."

"Wa ya san aikinta?"

"An ce akwai wani mutumin Dahome a Yamai, bayan babbar kasuwa, ya yi aiki da 'yan mishan masu irin wagga. Mu buga mai waya." Ya tofar da goro, ya dubi motar ta wutsiyar ido. "Baya kaɗai taka zuwa, ko? Ka tabbata ba mantuwa ta yi ba a hanya?"

Manzo ya yi dariyar yaƙe ya kau da kai.

Yammacin ranar kamar kowane yammaci ya fara. Awaki sun shigo suna tura juna a bakin turke. Hayaƙin gidaje ya kwanta bisa danga. Inna Habsa ta ɗora tukunyar tuwo, Haske na zaune kan tabarma tana tankaɗen gari. Daga masallacin kasuwa ladan ya gyara murya. Sai kajin gidan, waɗanda suka riga suka hau itace, suka sauko gaba ɗaya ba tare da ko ɗaya ta yi kuka ba.

Abu ya faɗo bisa rumbu. Wani ya biyo shi.

Aka yi shiru. Can kuma biyu suka faɗo cikin ƙwaryar gari. Tsakuwa ce, baƙa. Kailu ya ɗauki ɗaya ya sake ta da sauri, don da zafi take. Ya zari sanda ya kewaya bayan danga yana zagin 'ya'yan maƙwabta, ya dawo a sanyaye. Babu kowa, babu ko sawu a rairayi. Jifan bai tsaya ba, kuma kullum bibbiyu yake zuwa, sai a ɗan dakata kamar ana jiran na uku, ba ya zuwa.

Tukunyar Inna, wadda ke zaune daram bisa murhunta, ta karkata a hankali kamar hannu na tura ta, ta kife cikin wuta.

Lokacin ne Haske ta ajiye rariya. Ta miƙe ta taka zuwa tsakiyar gida, tafiyar da ba tata ba, ta tsuguna, ta rungume gwiwoyinta, ta sunkuyar da kai. Inna ta kira ta, ba ta amsa ba. Kailu, wanda ke ɗaga buhun hatsi shi kaɗai, ya sa hannu biyu zai ɗauke ta, ko gezau ba ta yi ba. Jikinta ya ƙage. Da tsohuwa ta dafa tsakar kanta sai ta janye hannu tana salati, don wurin ya yi zafi kamar gindin tukunya. Kuma duk gidan ya ɗauki ƙamshin miyar daddawa, miyar da ba wanda ya dafa.

Haka ta zauna har aka sallame isha'i. Sannan ta saki jiki ta faɗi gefe, tana numfashi sama sama. Da aka kawo fitila aka ga baƙin tukunya ya zagaye tsakar kanta.

Washegari ma haka, ranar da ta biyo ma haka. Da rana yarinya lafiya lau, sai dai wuya da take cewa yana ciwo. Da zarar matan gari sun hura wutar tuwon dare, jifa ya fara, ita kuma ta tafi ta tsuguna. A kwana na uku gashin tsakar kanta ya zube. A na huɗu wurin ya tashi bororo, wuyanta kuma ya soma lanƙwasa, ba ta iya ɗaga kai ta dubi mutum. Ma'aikacin likita ya zo ya ba da kinin ya ce zazzaɓi ne, amma da almuru ya kawo kai ya tattara jakarsa ya fita bai waiwaya ba. Matan unguwa suka ce a kira masu goge a yi wasa a ji ko wane ne. Inna ta ce gidan mijinta ba a taɓa buga goge ba. Kailu ya ari raƙumi ya nufi Damana, a ƙasar Tondikandiya, inda wani Malam Isufu yake.

Manzo kuwa ƙarƙashin janwe ya tare. Ya kwance abin da ya iya kwancewa, ya wanke, ya mayar, ya tace ƙonannen mai da ƙyalle. Gaba dai shiru. Amsar waya ta zo daga Yamai a kwana na biyar: mutumin Dahome ya ce ya san ciwon, amma ba ya zuwa daji, a kawo masa. Dodo ya karanta takardar ya ce, "To ga wanzami da ƙurji a ƙeya. Mai jan mutane, wa ka jan shi?"

Ba motar ce ta hana Manzo barci ba. Tun daren farko, da ya ga baƙin nan a kan yarinyar, wani abu ya motsa masa a ciki. Ya hau bayan janwe ya ɗaga buhunan da suka rufe dutsen. Gefe ɗaya baƙi ƙirin da hayaƙin shekaru, samansa ya goge ya yi santsi inda wani abu mai nauyi ya daɗe yana zama. Duk zafin ranar da ke gasa ƙarfen motar, dutsen sanyi ƙalau. Ya mayar da buhunan. Ya ce a ransa shi mutum ne da ya ga teku, ya ga jirgi, ba zai tsaya gaban uwarsa ya ce waji ne ke cin ɗiyarsa ba. Gaskiyar kuwa ita ce, in ya faɗa, to shi ne ya kawo. Ya bar yarinyar tun tana ciki, ya dawo mata da wannan.

Malam Isufu ya iso da la'asar ɗin kwana na shida, a bayan Kailu bisa raƙumi. Ɗan tsoho ne ƙanƙane, ido ɗaya ya yi fari, gafakarsa ta tsufa har ta yi sheƙi. Bai nemi ganin yarinya ba. Ya sha ruwa, ya yi salla, ya zaga gidan a hankali, ya fita ƙofa ya tsaya gaban janwe ya daɗe.

"Wa ke da doki?"

"Ni na, malam."

"Ya yi tahiya," in ji tsohon. 

Rana ta sunkuya. Malam ya sa aka shimfiɗa masa buzu a tsakar gida, ya ce kowa ya zauna, kada wanda ya gudu, kada wanda ya yi ihu. Iska ta ɗauke. Hayaƙin maƙwabta ya taso. Tsakuwa biyu suka faɗo bisa rumbu, Haske ta fito daga ɗaki da karkataccen wuyanta ta tsuguna a inda ta saba.

Tsohon ya fara karatu, ƙasa ƙasa, ba gaggawa. Jifan ya ƙaru, yana zuba kewaye da buzun, ko ɗaya bai taɓa shi ba. Ya yi ta yi har duhu ya fara cin fuskokin mutane. Sannan ya tofa a tafin hannu ya dafa kafaɗar yarinyar.

"Salamu alaikum, baiwar Allah."

 Ya maimaita, har sau uku. Bakin Haske ya buɗe, amma muryar da ta fito ta tsohuwa ce, mai kaushi, irin wadda hayaƙi ya daɗe yana ci.

"Ka ɗauke hannunka. Tuwo nika tuƙi."

Inna Habsa ta toshe baki da gyale. Malam bai ɗauke hannun ba.

"Ke wa ta, kuma daga ina?"

"Gawon gangare, hanyar Bonkuku. Nan kakana ya zauna tun ba a sa ma garin ga suna ba."

"Kin san Allah?"

"Na san shi. Shi ka hana in yi abin da raina ka so."

"To mi yarinya ta yi miki?"

"Ba ta yi min komi ba. Ku tambayi mai ƙarhe." Kan yarinyar bai ɗago ba, amma kowa ya ji idon ya juya wurin Manzo. "Rana tsaka ina dahuwa, ya zo ba sallama. Ya cire min dutsen murhu, tukunya ta kihe. Bai tsaya nan ba, ya kwara min tahwasasshen mai cikin wuta. Autana na zaune nan, ƙahwa tai har yau bai taka ta ba. Malam, kai mai ilimi na, hwaɗa min: tukunya na zama bisa dutse biyu?"

"Ba ta zama."

"To na samu na uku."

 Kailu ya juyo ya dubi ƙanensa, kallon da ya fi mari.

Malam ya ce, "Manzo, haka anka yi?"

Manzo ya ce, "Haka anka yi, malam. Dutsen na bayan mota."

"An zalunce ki," in ji malam. "Amma kin kama wadda ba ta ci ba, ba ta sha ba. Hwaɗi haƙƙinki a biya ki."

"Baƙin sa. A yanka a gindin gawo."

"Jini na Allah na, ba a zubda shi don wani. Haƙƙi nic ce, ban ce bauta ba. In kin nace, in koma karatu, kin kuwa san inda nit tsaya."

Jikin yarinyar ya yi rawa, ƙaurin gashi ya tashi. Muryar ta sauko, ta koma kamar ta mai ciniki a kasuwa.

"To a bar min ita. Dutse ta mai kyau, ba ta motsi, ba ta ƙorahi. Kuma wa ke da ita? Uwa ta mutu. Kaka ta kusa. Uban, kwana shida ina saurare a gidan ga, ban ji sunanta a bakinai ba. Abin da ba a kira, ba a rasa shi."

Kowa a wurin ya san dalilin da uba ba ya kiran ɗiyar fari, ita ma mai maganar ta sani. Amma Manzo ya ji maganar ta shige shi har ƙashi, don ya san shirunsa ba kunya ce kaɗai ba. Ya taso daga inda yake, a gaban uwarsa, a gaban wansa, ya durƙusa gaban yarinyar.

"Haske," ya ce.  "Haske sunanta. Ɗiyata ta, ni na ubanta. Ni nid ɗauki dutse, ni niz zuba mai. Ki sauke tukunyar daga kanta ki ɗora a nawa."

Sai dariya ta fito daga bakin yarinyar, busasshiya, doguwa.

"Kanka? Dutsen da bai zama wuri guda? Kahin ruwa shi tahwasa ka gangara Kurmi. Ina son ɗiyana su ci abinci."

Manzo ya sunkuyar da kai. 

Malam ya ce, "Ya kira ta, kin ji da kunnenki. Tana da mai ita. Sauran magana."

 Sannan muryar ta jero sharuɗɗanta ɗaya bayan ɗaya. Dutsen ya koma inda yake, kuma abin da ya ɗauko shi ne zai mayar da shi, ba raƙumi ba, ba kan mutum ba. Rairayin da mai ya ɓata, Manzo ya kwashe shi da hannunsa ya zuba sabo. A gama kafin a hura wutar gobe da almuru. Ƙarfen nan kuma, in ya wuce gawon ya yi kudu, kada ya ƙara yo arewa har abada, don autanta na firgita da kukansa.

"Motar ba ta tahiya gaba," in ji Manzo.

"Ba ni nib ɓata ta ba, kai ka ja abin da ya hi ƙarhinta. Amma baya tana zuwa, ina gani." Ta ƙara da cewa, "Daren ga na sauke tukunya, ɗiyana su kwana da yunwa. In rana ta hwaɗi gobe murhuna na da dutse biyu, zan ɗora, kuma ba ni ƙara saukewa."

Malam ya sa ta rantse da wanda ya halicci mutum da aljan, ta rantse. Ya ce ta fita ta inda ta shiga, ba tare da ta taɓa ido ko kunne ba. Haske ta yi atishawa sau uku, mai ƙarfi, ta kife a jikin Manzo. Ya dafa tsakar kanta da tsoro. Zufa ce kawai, mai sanyi. Can ta buɗe ido ta ce da muryarta, "Inna, ruwa."

Tun kafin asuba Dodo ya zo da akwatin kayan aikinsa, ba wanda ya aika masa. Ya kwance ƙofar gefen direba gaba ɗaya don Manzo ya iya leƙa baya, ya ɗaure garwa huɗu na ruwa a jikin ƙugiya, ya ɗura sauran man da aka tace.

"Kilomita ashirin da 'yan kai," ya ce. "Tahiyar hawainiya za ka yi. Da ka ji ƙauri ka tsaya ta huce, in ka matsa mata bayan ma ta ƙwace, ka zauna a daji da dutsenka. In ka gama da mutanen gawo, ka kwance sandar da ka juya tayun baya, ka jira motar da ka zuwa kasuwar Baleyara ran Lahadi ta ja ka. Daga can Yamai kusa ta. Janwe a bakin sarƙa! Kaito, da ina can in gani." Ya yi dariya shi kaɗai, sannan ya daina. "In ɗan Dahome ya kasa, sai Kano. Kar ka bari kowa shi zuba mata baƙin mai."

Manzo ya naɗe dutsen a cikin sabon farin ƙyallen da ya sayo wa Inna tsaraba, ya ajiye shi a kujerar gaba, ya tokare shi da buhu. Ya sa shebur, sannan ya tuna an ce da hannu, ya fitar. Gabas ta fara ja. Yana ɗaure kaya ya ji abin nan da ya sani ya taso masa a ƙirji, ɗan sanyin daɗin da hanya ke sa masa tun yana saurayi, ko da wace irin hanya ce. Kunya ta kama shi.

Inna Habsa na tsaye a ƙofar gida da carbi.

"Motar dai an ce ba ta dawowa," ta ce. "Kai hwa?"

Akwatinsa na ƙarfe, wanda ya bi shi gari gari shekara tara, yana bayan mota, shi da kansa ya ɗora shi cikin duhu ba tare da ya yi tunani ba. Ya tsaya yana kallonsa. Sannan ya hau ya kwance igiyar, ya sauke shi, ya kai shi har ɗakin da Dijatu ta zauna ya ajiye. Da ya fito tsohuwa ta ci gaba da jan carbinta. Ta ga alkawari da yawa, wannan ko ba komai yana da nauyi.

Ya hau, ya zauna a karkace, ƙafa ɗaya a waje. Hancin janwe na kallon ƙofar gida, hanyar da zai bi kuma tana bayansa. Ya kai hannu ga makulli ke nan sai ga Haske ta fito, kanta naɗe da tsumma da man kaɗe, wuyanta bai gama miƙewa ba. Tana riƙe da goran fura da hannu biyu. Ba ta ɓuya bayan kowa ba. Ta zo har inda ƙofar motar take a da, ta miƙa masa, ta dubi farin ƙunshin da ke kujera, ta dube shi.

"Baba," ta ce, "ka yi bismilla."

Ya janye hannunsa daga makullin. Ya yi, da ƙarfi, yadda na gida da na gindin gawo za su ji.